Yarinyar Da Ta Daina Shan Ruwa

Tunda kin ce kin rasa gane kan ɗanki, gyara zama ki ji abin da ya sami wata ungozoma a wani gari. Aikin yamma take yi a asibiti, mijinta kuma direban babbar mota ne, ba kasafai yake kwana gida ba. 'Yarsu ɗaya, Kubura, tana aji ɗaya a firamare, yarinya mai surutu kamar aku. Makaranta na tashi da azahar, uwar kuwa sai magariba, don haka ta nemi inda za a riƙe mata ita. Aka nuna mata wani gida a unguwarsu inda ake tara yara in an tashi makaranta, a ba su abinci, a taya su aikin da malamai suka ba su, su yi wasa har iyaye su zo. Ga lilo a tsakar gida, ga fanka, ga 'yan mata biyu masu kula da yaran, ana kiransu Anti. Hankalin ungozoma ya kwanta.

Ba a jima ba yarinya ta fara canzawa. Leɓɓanta suka bushe suna tsagewa, kullum kai na ciwo. In an dawo da ita sai ta ruga banɗaki ko takalmi ba ta cire ba, ta fito da hawaye wai fitsari na yi mata zafi. Surutun nan ya ɗauke ɗif. Uwar ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka gwada jini, babu. Ta ce taifot ne, shi ma babu. Likita ya rubuta magani, ciwo ya lafa, ya sake dawowa. Surukarta ta ce baki ne, aka kawo rubutu da turare. Maƙwabciya ta ce kewar uba ce. Malamar aji kuwa cewa ta yi ita dai ta ga yarinya ta natsu, me kuma ake nema? Duk wanda ta tambaya sai amsarsa ta ci karo da ta wancan. Ga kuma gorar ruwan Kubura, yadda aka cika ta da safe haka take dawowa. Ta ce ko warin roba ne, ta sayo sabuwa. Ta zuba zoɓo mai sanyi, wanda a da har kuka yarinyar take yi a kansa. Ya dawo a cike. Rannan ta nemi izini a wurin aiki, ta faɗa gidan da ake tara yaran ba sanarwa. Ta ɗanɗana shinkafa da waken da aka dafa, ba laifi. Ta leƙa randa, ruwa garau. Ta ce a nuna mata banɗaki, Anti ta ɗauko makulli ta buɗe, sai ga shi tas, yana ƙamshi, ya fi na asibitinsu tsabta nesa ba kusa ba. Ta yi ta sa albarka a gaban yaran. Ta fito kanta ya fi da kullewa, har ta fara zargin ko ita ce ta kasa riƙon 'yarta.

Wata Asabar tana wanki a tsakar gida, Kubura ta jera takalman gidan a gindin bango tana wasan makaranta da su. Sai uwar ta ji ta maƙale murya tana yi wa wani silifas tsawa: "Kar wadda ta sha ruwa! Banɗaki na baƙi ne. Wadda ta matsu ta riƙe sai gidansu." Sabulu ya suɓuce wa ungozoma. Ta goge hannu a zani, ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar, ta tambaye ta a hankali. Ashe kullum a kulle ƙofar nan take. Yaron da ya kasa riƙewa ya jiƙa wando, a tsayar da shi a tsakiya a yi masa ature. Kubura ta ga an yi wa wata, shi ne tun daga safe ba ta yarda ruwa ya taɓa bakinta.

"Me ya hana ki gaya mini?" in ji uwar.

Yarinya ta ɗago ido da mamaki. "Na ɗauka kin sani, Umma. Ai kin shiga, kin ce ya yi kyau."

Da Litinin ta yi, ungozoma ta sami mai wurin, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa. Ita ma riƙe baki ta yi. Abin da ta sani kawai, ta taɓa ja wa 'yan matan kunne cewa ranar da wata uwa ta tarar da banɗaki da ƙazanta, a bakin aikinsu. Su kuwa suka ga kullewa ta fi wankewa sauƙi. A ranar aka cire kwaɗon, aka ajiye buta da bokiti a bakin ƙofa. Kubura ta warke, amma an daɗe tana neman izini kafin ta kurɓi ruwa, ko a ɗakin uwarta. Duk sanda ta yi haka sai ungozoma ta tuna ta tambayi likita, ta tambayi suruka, maƙwabciya da malama, ba ta taɓa zama ta tambayi wadda ke yini a wurin ba.

To, kafin ki ƙara zaga gari neman amsa, koma gida ki zaunar da yaron nan. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.