Hannun Baba a Yaren Famfo

Tun da editoci, manhajojin da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki, suka fara ɗaukar salon hannun mai su, kowa ya manne wa tasa. Tasalla ce ke rubuta wa famfunan gonakin Kadawa umarni, kuma ba ta yin yaren famfo sai a tsohuwar editar marigayi mahaifinta.

Da hantsi ƙanenta Ɗanliti ya same ta a rumfa, shinkafa na ta kaɗawa a bayanta.

"Yaya, sabuwar edita ta san kowane yare. Me kike ci da wannan tsohuwa?"

"Zauna ka fara layi ɗaya."

Ya fara. Editar ta ƙarasa masa layin, ta tsaya jim, daidai inda Baba kan kurɓi shayi, sannan ta ƙara umarnin buɗe famfo a hankali, kada ruwa ya kwantar da shuka.

 Ɗanliti ya ji kamar ƙamshin na'a-na'ar shayin Baba ya gifta.

"To, ki riƙe ta da kyau," in ji shi.

"Ai har yanzu editar koyo take yi. Duk layin da na rubuta, hannuna ne ke hawa kan na Baba, yana shafe shi. Jiya sau ɗaya tak ta tsaya shan shayi."

Daga ƙasan gona wani manomi ya ɗaga murya: "Malama, ruwa fa! Shinkafa ta fara yaushi!"

Tasalla ta daɗe tana kallon allon kwamfutar. Sannan ta yi bisimilla, ta ɗora yatsunta ta fara rubutu.