Masabar Mahaifi

Akwai wani maƙeri da mahaifinsa ya faɗi a gabansa, ana tsakiyar ƙirar garma. Tsohon ya dafe ƙirji, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo moɗa rai ya yi halinsa. Bayan sadakar arba'in ɗan ya koma maƙera, amma ya kasa taɓa tasa gudumar. Masabar tsohon ya ɗauka, wata ƙatuwar guduma mai nauyin tsiya, wadda yatsun mamacin suka sassaƙa gurbinsu a jikin ƙotar. In ya riƙe ta, ji yake kamar sun gaisa. Ba a yi sati biyu ba ƙirjinsa ya fara suka ta hagu, daidai inda tsohon ya dafe. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya shiga bin maƙwabta yana neman yafiya, yana kallon 'yarsa mai rarrafe kamar mai sallama. Matarsa ce ta gaji da wannan kallo, ta ce, “Malam, in tafiya za ka yi, bari likita ya fara sa maka hannu.”

A asibiti aka ce za a yi masa gwajin bugun zuciya. Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji da wuyan hannu da idon sawu. Mutumin da ke wasa da garwashi ya runtse ido yana salati, ya ɗauka lantarki zai ja shi. Ba abin da ya ji sai sanyi. Na'ura ta turo takarda mai zane kamar haƙoran zarto, kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa. Shi kansa ya san aikin da ba tangarɗa in ya gani. Likita ta duba, ta danna masa haƙarƙari, ya zabura. Ta tambayi sana'arsa, ya ba ta labarin masabar. Ta yi murmushi ta ce, “Zuciyarka ƙalau take, maƙeri. Tsoka ce ta gaji. Kewa kuwa ba ta fitowa a takardata.”

A bakin ƙofar asibitin ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, sannan ya ji yunwa, karon farko cikin wata biyu. Da ya koma maƙera ya rataye masabar a bango inda zai riƙa ganinta, ya ɗauki gudumarsa. Gaskiyar masu iya magana: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.