Kofi Mai Lamba Sha Huɗu

A cokali na biyu hannunsa ya tsaya. Wake ne. An murƙushe shi lukui an ɓoye cikin romon, amma harshensa ba ya kuskure.

Shekara talatin yana alƙalancin gasar miyar barkono a ɗan garinsu, kuma duk jihar Texas ta Amurka an san dokar: naman shanu da barkono kawai. Tukunyar da aka ga wake a ciki ta fita daga gasa. Shi kansa ya kori mutane da dama, har da matar fasto.

Amma wannan kaurin ya san shi. Shekarar da fari ya cinye musu shanu, haka mahaifiyarsa take yi. Takan rufe ƙofar kicin, ta murje dafaffen wake da gindin kwalba ta zuba a tukunya, don naman da zai ishi mutum biyu ya ƙosar da su shida, kada kuma maƙwabta su gane a walimar coci. Har ta rasu ba wanda ya gane.

"Tsoho, yau dai barkono ya kayar da kai," in ji abokin alƙalancinsa, yana tura masa madara. "Ga hawaye nan."

"Rufe mini baki, gumi ne."

"Ni kaurin nan bai kwanta mini ba. Anya babu wake a ciki?"

Tsohon bai san ko girkin wa ne ba, lamba kawai ke jikin kofin. Ya juya cokali a hankali, ya duba da kyau.

"Ni dai ban ga wake ba," ya ce.

Sannan ya cinye sauran, har ya kankare gindin kofin.