Ƙudan Zuman Marlene da Hukuncin Surukin Vernon

Tun ranar da alƙali ya ce ta kwashe amyoyinta daga bayan gida, Marlene Tuttle ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga kicin, ta fito, ta leƙa ƙudan zuman, ta koma ta ɗora kofi ta manta da shi a wuta. Amyoyin nan mijinta marigayi ne ya kafa su, ita kuma ji take da su kamar 'ya'ya.

Maƙwabcinta Dwight ne ya kai ta ƙara, don ƙudan sun harbi matarsa har bakinta ya kumbura ta kasa waƙa a coci. Tsakanina da ku, masu zuwa cocin ba su yi kuka ba.

Marlene ta ɗaukaka ƙara. Ana cikin jira sai Dwight ya sauko, ya nemi sulhu: ta rage rabin amyoyin, ta mai da sauran can ƙarshen fili, a bar maganar. Lauyarta ta ce ta karɓa da hannu biyu.

Tana zaune a gidan cin fanke sai ga Vernon, wani tsohon direba da ke wuni a wurin yana warware matsalolin duniya.

"Marlene, kada ki kuskura," in ji shi. "Surukina na garin Fresno, shari'arsa irin taki sak, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Ga takardar hukuncin ma."

"Kai Vernon, yaushe ka zama lauya? Kai da ko tarar ajiye mota ba ka taɓa tsallakewa ba."

"To zauna nan, yarinyar lauyar can ta sayar da ke da rana tsaka."

Ko fankenta ba ta ƙarasa ba, ta figi takardar sai ofishin lauya. Lauyar ta duba, ta girgiza kai.

"Misis Tuttle, wannan hukuncin ba a buga shi a littattafan shari'a ba, ga shi nan a rubuce a sama. An yanke shi ne don masu waccan rigimar kawai. A jihar nan ko ambatonsa ba a yarda in yi a gaban kotu ba."

"Hukunci ai hukunci ne, 'yata. Alƙalai suka sa hannu ko masu wankin mota?"

Nan take ta sallami lauyar, ta aika wa Dwight cewa ya riƙe sulhunsa. Da kanta ta rubuta wa kotu hujjojinta, kuma daga farko har ƙarshe surukin Vernon ne a ciki.

Amsar kotu gajeriya ce. Alƙalan suka ce ba za su dubi wancan hukuncin ba, wata hujjar kuwa ba ta kawo ba, don haka umarnin farko na nan daram. Ta ruga ta buga ƙofar Dwight a kan batun sulhu, ya amsa mata ta taga cewa wannan magana ta wuce.

Da ya zama dole ta rabu da su, wani mai gonar itatuwan almon ya zo da babbar mota ya kwashe amyoyin kaf. Har yau Marlene kan fita bayan gida da safe, ta zaga filin, ta dawo, ta sake fita. Vernon kuwa da aka tare shi, cewa ya yi, "Ni fa ban taɓa ce mata ni lauya ba ne."

Jama'a, ba kowane hukuncin babbar kotu ne ake kafa hujja da shi ba. Kafin ku watsar da sulhu don wani ya ci tasa shari'ar, ku tambayi masanin doka ko an buga hukuncin, in ya ba ku amsa kuma ku saurara.