Ɗorawar Tsohon Direba

An yi wani direban babbar mota da ya shekara talatin a kan hanya. Da gwiwa ta gaza, sai ya ajiye tuƙi ya koma garinsu. Ya dawo da ɗabi'a guda: abin da bai fito daga kanti ba, ba ya shiga tukunyarsa. Shinkafar waje, man gwangwani, dunƙulen magi. Daddawa kuwa ya hana ta ƙetare zaurensa, wai warin ƙauye take yi. Matarsa ba ta yi musu ba. Kullum ya zauna cin tuwo sai ya suɗe kwano, ya ce wa baƙi, "Kun ji aikin magi ko?"

A gonar da ya gada akwai wata tsohuwar ɗorawa. Tun zamanin mahaifinsa, wata gwauruwa a unguwar ke tsinke 'ya'yanta duk bazara. Ta dafa kalwar, ta surfe, ta wanke, ta rufe a kwando kwana uku har ta ruɓa, sannan ta kirɓa ta shanya. Da wannan sana'a take ci, kuma bisa al'ada takan aika wa gidan mai bishiya rabonsu na daddawa. Shi direba bai san wannan ba, don bai taɓa tambaya ba. Abin da ya gani kawai shi ne inuwa tana cinye masa kunya biyar ta masara. Ya yi magana da masu gawayi, suka ce ran Asabar za su zo da zarto.

Matar direban ta ji labari ran Laraba. Ta kaɗa miyar kuka da magi zalla, yadda ya daɗe yana umarta. Ya kai loma ɗaya, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ture kwano. Ran Alhamis ma haka. Ya kwana da yunwa. Da safiyar Juma'a ya ce, "Wai ni kam, hannunki ne ya mutu ko harshena?" Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan tulun daddawa da take ɓoyewa bayan gado, ta buɗe masa a hanci. Ta ce, "Maigida, shekara shida wannan kake suɗewa. Gobe kuma za ka sare bishiyarta."

Da aka sauko daga masallaci ya bi ta wurin masu gawayi ya ce a bar zancen. Ya wuce gidan gwauruwar ya gaishe ta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce bishiya tata ce muddin tana da rai. Daga nan ya fara tambayar inda kowane abu na tukunyarsa ya fito. Man gyaɗa ya koma saye wurin matan unguwa, gero daga gonar ƙaninsa, kuka da kuɓewa daga bayan gida. Tulun kuwa ya fito fili, kusa da murhu. Har yau inuwar tana cin kunya biyar, shi kuma a ƙarƙashinta yake shan fura in rana ta take.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.