Rubutun da Zigwai Ta Goge

Zigwai ta fizgi wayar babanta daga kan tebur.

Da rana ne ta zazzage haushinta a shafinta na intanet. Ta rubuta cewa ta gaji da kunyar da take sha kullum idan Baba ya sauke ta a ƙofar ofis da tsohuwar Keke Napep ɗinsa, wadda yake ja tun da aka rufe masaƙar Kakuri. Ko minti goma ba a yi ba ta goge. Sai a hanyar gida ta tuna ita da kanta ta saka masa manhajar da ke kawo duk sabon rubutunta cikin wayarsa. Abin da manhajar ta riga ta kwaso kuwa, goge shi a shafi ba ya cire shi.

Ga shi nan a sama, da alamar ba a buɗe ba. Ta share shi, ta yi ajiyar zuciya.

Washegari Baba ya ɗauko ta kamar kullum, amma ya taka birki a gindin wani mangwaro, can nesa da ofis.

"Baba, mai ne ya ƙare?"

"A'a. Sauka nan, 'yata, ki ƙarasa da ƙafa."

Bai waiwayo ba.

"Ai ke kika koya mini yadda ake mayar da rubutu kamar ba a karanta ba. Na mayar ne don kada ki ji kunya sau biyu."