Takalman Bakin Ƙofa

Ana cikin zaman makokin maigidana ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabta ne suka kai ƙara. Ya dubi tulin takalman masu ta'aziyya, ya ce dokar unguwa gida ɗaya, iyali ɗaya.

Na ce, "Ai iyali ɗaya ne mu."

Ƙanin mijina, wanda ke zaune a ɗakin ƙasa da matarsa da 'ya'yansa, ya fassara masa da Turanci, sannan ya juyo. "Yaya, wai ba haka suke ƙirga iyali ba."

Marigayi ya sha cewa gwamnatin jiha za ta tilasta a bar mutane su yawaita kusa da tashar jirgin ƙasa ta Metro. Muka jira, shiru. Kafin in fita takaba, dole ƙanin mijina da iyalinsa suka kwashe zuwa garin Woodbridge. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Jirgi ya wuce maƙil da mutane, gidana ko tari babu.

Da ma'aikacin ya dawo, takalmina kaɗai ya tarar. Murmushinsa bai buƙaci tafinta ba.

Yana juya baya na ɗauko takalman maigidana, na jera kusa da nawa. Su sake kai ƙara.